Romon Albasar Injamena

A unguwar Dogo Tebo ta Potiskum babu wanda bai san labarin romon albasar Gogo ba. Duk ranar da aka jefa albasa a mai ta fara yin ja, sai tsohuwar ta ajiye carbi ta ɗaga hanci.

"Ya kusa," za ta ce. "Amma ba shi ba ne."

Labarin ya samo asali tun tana amarya, lalle bai gama goge mata a hannu ba. Mijinta Bakari, Allah ya ji ƙansa, fataucin shanu yake yi, ya sayo daga Cadi ya kawo kasuwar Potiskum. A wata tafiya ya ɗauke ta don ta gaida dangin mahaifiyarsa a Injamena. Rannan ya yi ciniki mai kyau, sai rawar kai irin ta ango ta ɗebe shi, ya shigar da ita wani gidan abincin Faransawa kusa da kogi. Aka zaunar da su a kujeru suna kallon juna. Aka kawo ƙananan kasake biyu, romo launin ƙasa, yankan burodi a sama, cuku ya narke ya lulluɓe shi yana tafasa.

Ƙamshin ya shiga mata har ƙoƙon kai. Sai dai ina 'yar Fulani, amarya, za ta buɗe baki ta ci abinci a gaban miji, ga kuma mutane? Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ya yi lallashi, ya yi zolaya, ta ƙi. Da ya gaji ya shanye nasa, ya jawo nata ya shanye, har ya bi kaskon da burodi ya suɗe.

"Ba ki yi asarar komai ba," ya ce mata a hanya. "Ruwan albasa ne da gishiri."

Haka ya riƙa faɗa har tsufansa, duk sanda ta tayar da zancen. Ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai shi ne suɗe kaskon. Wa ke suɗe ruwan gishiri? Ya sha yi mata alkawarin za su koma ta ji da bakinta. Yaƙi ya ɓarke a can, 'ya'ya suka zo, ƙafa ta yi nauyi, daga baya kuma aka ɗauke shi zuwa makwancinsa.

Bana da yanar ido ta rufe mata gani, 'yarta Munawwara da ke aure a Abuja ta ce a kawo ta a cire. Fauziyya ce za ta raka ta, jikarta, 'yar babban ɗanta Auwal, wadda ke kwana ɗakinta tun tana firamare. Ana gobe tafiya yarinyar na ninke kaya ta ce, "Tsohuwa, kin san akwai gidajen abincin Faransawa a Abuja?"

Gogo ta taɓe baki.

"Ke da wayarki komai akwai. To, ki nemo. Amma kada ki kai ni inda za a yi wa mijin Munawwara fashi da rana tsaka."

Aka yi aikin ido lafiya. Kwanakin da Gogo ta yi kwance da auduga a fuska, tana jin Fauziyya a gefen gado tana ta fama da waya. Wani gidan, in ji ta, kuɗin kwano ɗaya sai ka rantse rago za su yanka maka. Wani kuma sunan kawai ne na Faransa, da ka duba sai ka tarar shinkafa da kaza ce. Wani ta buga ta tambaya ko suna zuba giya a romon, aka ce ƙwarai kuwa, ta kashe wayar tana salati. Daga ƙarshe ta samo wani ɗan ƙarami a wani lungu a Wuse, mai girkin mutumin Kwatano ne da ya koya a hannun Faransawa, tsadarsa daidai talaka mai albashi. Suka tabbatar mata babu giya babu alade, romon ƙashin saniya ne zalla.

"Na gama bincike tsaf," ta ce tana murna. "Babu abin da na bari."

Ranar da aka sa, ana gobe za su koma Potiskum, Munawwara na bakin aiki a asibiti. Mijinta Hussain ya ce shi zai kai su. Mutum ne mai kunya, har yanzu durƙusawa yake daga bakin ƙofa in zai gaida Gogo. Ita Gogo ta zaci ajiye su zai yi ya wuce, ba ta san Fauziyya ta kama tebur har da shi ba. Da suka isa sai wata ma'aikaciya 'yar Filato, an rubuta Nanret a ƙirjin rigarta, ta tare su da fara'a.

"Ku ne masu teburin mutum uku? Sannu da zuwa, Mama."

Gogo ta ji Hussain ya yi turus a bayanta. Amma ya zai juya ya bar surukarsa a bakin ƙofa kamar kayan aike? Ya bi su. Aka zaunar da shi daidai saitinta.

Da sabon idonta ta ga komai tangaram: farin ƙyalle a kan tebur, cokula jere, burodi dogo kamar sandar kiwo a cikin kwando. Sannan aka kawo kasake uku.

Shi ne. Tun kafin a dire ta san shi ne. Ƙamshin ya ɗauke ta cak ya kai ta bakin kogin nan, ga Bakari da hula a karkace, gemu bai gama fitowa ba, yana mata dariya da wushirya. Yawunta ya tsinke. Hannunta ya motsa a kan cinya, sai idonta ya sauka a kan hannun rigar surukinta. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Hussain kuwa ya ƙura wa gishirin tebur ido kamar an ba shi gadinsa.

"Bismillah mana," in ji Fauziyya, ta riga ta kai cokali biyu. "Gogo, sha da zafinsa."

"Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi? Ke da kika ƙi karyawa saboda wannan?"

Gogo ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Wash! Kawu, kai ma ba ka sha ba."

"Ina sha," ya ce, bai ko taɓa cokalin ba.

Cukun ya daina tafasa, ya fara yin fata. Gogo na kallonsa ta gefen mayafi. Wato haka za ta sake tashi ta bar shi, gobe ta hau motar Potiskum, ta ƙarasa sauran kwanakinta tana shinshina albasar maƙwabta. Ta san ba ta da wata Abujar a gaba.

Nanret ta dawo, ta dubi kasake biyu cike, fuskarta ta canja.

"Mama, bai yi ba ne? In kira mai girkin?"

Ta dubi tsohuwar, ta dubi mutumin da ke zufa cikin sanyin na'ura, ta tambayi Fauziyya a hankali, "Babanki ne?"

"A'a, mijin 'yarta ne."

Kalmar na fita daga bakinta Fauziyya ta saki cokali. Ta dafe kai.

"Na shiga uku. Na tambayi giya, na tambayi alade..."

"Au!" Hussain ya miƙe zumbur har kujera na neman faɗuwa. "Inna, a gafarce ni, kamar na bar gilashin mota a buɗe. Daga can kuma zan tsaya azahar. Masallacin da nisa. Da nisa sosai."

"Allah ya yi albarka," in ji Gogo daga cikin mayafi, da iyakar gaskiyarta.

Nanret ta kwashe kasaken tana danne dariya, ta kai aka ɗumama. Da ta dawo, Fauziyya ta riga ta juya kujerar kakarta ta fuskanci bango, ita kuma ta matso da tata ta tare ta daga sauran mutane.

"Ke ma kau da kai," in ji Gogo.

"Ni ɗin? Ni da muke cin tuwo kwano ɗaya?"

"Kau da kai, mai bakin tsiya."

Ta yi bismillah. Cokalin ya fasa cukun, ya biyo shi yana jan zare, ta naɗe shi da ɗan yatsa. Ta kai baki.

Albasar ta narke ta yi zaƙi kamar an dafa ta da rake, ƙarfin ƙashi a ƙarƙashinta, burodin ya sha romo ya yi laushi. Ta runtse ido. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Yaya?" Fauziyya ta tambaya, fuskarta na kallon ƙofa. "Ruwan albasa da gishiri?"

Sai ta ji wani sauti a bayanta, ta rasa kuka ne ko dariya. Ta waiga. Kafaɗun tsohuwar na girgiza, hawaye na bin idon da likita ya ce kada ruwa ya taɓa.

"Mutumin nan," in ji Gogo, don har yau ba ta faɗin sunan mijinta. "Mutumin nan maƙaryaci ne, Fauziyya. Ya dube ni shekara da shekaru yana ce mini gishiri."

"Don kada ki ji haushi ne, Gogo."

"Na sani. Ni za ki gaya wa halinsa?"

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta ci gaba da sha a nutse har cokali ya taɓa gindin kasko. Ta gutsiri burodi ta bi gefe da gefe ta suɗe tas. Sannan ta leƙa kaskon Hussain da ke ta tururi shi kaɗai a gaban kujerar da babu kowa.

"Kika ce masallacin da nisa?"

"Shi ya ce da nisa sosai."

"To, turo min nan."