Kaɗin Inna Kande

Shekarar da korona ta rufe iyakoki, Kalla ya maƙale a Abijan wurin ci-rani. Ya bar matarsa Furera a Azarori da goyon Aziza, da kuma uwarsa, Inna Kande, tsohuwa mai ciwon ƙirji tun daɗewa. Furera ta ji a rediyo cutar ta fi cin tsofaffi. Ba ta tsaya gardama da kowa ba, ta aje buta da sabulu bakin zaure, ta bar zuwa kasuwa. Abu guda take roƙo: Kalla ya dawo ya iske uwarsa da ɗiyarsa da rai.

Wata safiya kabu-kabu ya sauke wata budurwa, Zuhura, ma'aikaciyar wani ƙaramin gidan tarihi a Madawa. An rufe musu ƙofa, ba 'yan lakwal masu zuwa daga makaranta, ba baƙi masu kallon kayan da. Sai suka koma bin ƙauyuka suna ɗaukar tsofaffi a waya, kowa ya nuna yadda ake aiki da kayan, su saka a intanet. Suna da mazari da taskira a aje, ba su da mai kaɗi. Aka ce mata Inna Kande ce ta rage.

"Ki tsaya can gindin bedi, ki ɗauka daga nesa," in ji Furera.

"Haka anka ce muna, Yaya. Ga takunkumina ma."

Inna Kande ta leƙo. "Ke Furera, baƙuwa ta ko kura, da kinka tsaida ta bakin garka? Miƙo min taskirata."

Ta zauna kan tabarma, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Zaren siriri ne, wayar ba ta ganinsa daga nesa. Zuhura ta matso kaɗan, ta ƙara matsowa.

"Ba a koyon kaɗi da ido. Zamna nan, ɗiyata, riƙa."

Zare ya tsinke a hannun Zuhura.

"Wayyo, hannun biro! Yawu za ki sa ki ɗaura shi."

Zuhura na dariya ta sauke takunkumi, ta lashi yatsa, ta haɗa zaren, ta miƙa. Tsohuwa ta karɓa, ita ma ta lashi nata. Haka mazarin ya yi ta kai da komo tsakaninsu. Furera na tsaye da goyo, maganar ta zo mata har baki, amma ba a tsawata wa uwar miji gaban baƙo. Iyakarta ta ce, "Inna, hura na jira." Ba wanda ya waiwayo.

Hoton ya fita, har Kalla ya aiko murya yana murna ya ga tsohuwarsa. Bayan 'yan kwanaki Zuhura ta kira, muryarta a shaƙe. Korona ce, an killace ta a asibiti. "Ki gahwarce ni, Yaya, ban sani ba."

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ma'aikacin dispansar ya ba da ƙwayoyi, ya ce a raba ta da yarinya. Mai jinya kuwa ba wata sai Furera. Ran nan ta yaye Aziza, ko tafiya ba ta fara ba, ta miƙa ta ta kan danga ga yayarta Lantana. Ta ɗaure ƙirjinta da zane, nono na zuba, tana jiyo kukan daga ƙarshen unguwa tana dama kunun Inna.

Ranar da numfashi ya fara sarƙewa, tsohuwar ta kamo hannunta.

"Ina ƙawata Aziza? Kawo min ita in tohwa mata addu'a. Ba ni kai gobe."

"Ki yi mata daga nan, Inna. Allah na ji."

"Ni ka roƙonki, Furera?"

"Ba ni kawo ta, Inna."

Tunda aka kawo Furera gidan ba ta taɓa ce wa tsohuwar a'a ba. Inna Kande ta dube ta, ta saki hannun, ta juya fuska bango. Ruwan ma da ta miƙa mata ba ta karɓa ba. Kafin la'asar ta cika.

Bayan an dawo daga kushewa Kalla ya kira. Ya ce, "Ta ga Aziza kahin ta tahi?"

"A'a," in ji Furera. "Ni na hana."