Hucin da Aka Ji a Yangtze

Dehai bai taɓa duba sama don gane hadari ba. Masuntan kogin Yangtze baiji suke dubawa, farar dabbar nan mai kama da ayu. In ta taso tana huci, sai a gudu gaɓa. Yanzu an ce ta ƙare.

Ran nan Dehai na su a kwalekwale, gari ya yi lif. Matarsa Guilan ta ce, "Tsoho, naɗe tarun mu tafi."

"Ba ta taso ba."

"Wa zai taso? Gawa?"

Sai suka ji huci daf da kwalekwalen. Suka waiwaya, ruwa ko motsi bai yi ba.

Dehai ya saki tarun, ya kama filafili. Guilan ta fi shi saurin tuƙi.