Safar Hannu a Gado na Tara

Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, amma har yau in zan nufi gado na tara sai na ɗora safar hannu biyu. Na sani sarai ƙanjamau ba ya kama mutum don ya taɓa hannun wani. Ni ce ma nake koya wa sababbin ma'aikata haka. To amma tun da allura ta soki abokiyar aikina, muka yi wata uku muna jiran sakamako, tsoro ya zauna mini a ƙirji. Ko zafin goshi zan duba, sai da safa.

Mai gadon dattijuwa ce, Inna muke ce mata. Ciwon ya ci ta, ta zama ƙashi da fata, amma idonta ras. Ran nan da hantsi ina gyara mata matashi ta ce, "Sista, alfarma nake nema."

Na ce a raina, ga shi nan, aiki bai ƙare ba an ƙirƙiro wani.

"'Yata za ta zo da la'asar. Wata biyu ke nan ba ta taɓa ni ba. Tana ganin ku da ilimi ma kuna rufe hannu, ita wace ce? Ki cire a gabanta, ko sau ɗaya."

Haushi ya kama ni, don gaskiya ta faɗa. Na ce mata zan gani, na wuce gado na goma.

La'asar ta yi, 'yar ta iso, mace mai hankali, uwar 'ya'ya uku. Ta tsaya can ƙarshen gado kamar mai jiran mota, jaka rungume a ƙirji. Ta gaida uwar daga nesa, sannan ta juyo gare ni. "Sista, ko za ki sam mini safa ɗaya?"

Inna ta juya fuska bango.

Na matsa kusa da Inna. Na zare safar farko, na zare ta biyu, na jefa a kwando. Na lakato man shafawa na kama hannun Inna, na shiga murza mata yatsu. Hannun a bushe yake, da ɗumi, irin na kowace uwa.

"Safa ta ƙare," na ce, alhali ga kwalin nan cike a kan tebur. "Zo ki kama ɗayan, ni na gaji."

Ta dubi kwalin, ta dube ni. Ta ajiye jakar ta zauna. Da ta kama hannun sai kuka ya ƙwace mata, ta kifa fuska a tafin uwar.

Na bar su na tafi famfo. Sau uku na wanke hannu da sabulu, ina jin kunyar kaina. Da na dawo ɗaukar fayil, Inna ta dubi hannuna da ke jiƙe.

"Na ji ƙarar ruwan," ta ce a hankali. "Ba komai, 'yar nan. Kin dai cire."