Dokin Ƙofar Ɗaki Na Shida

Shekara ashirin da uku Auta ta yi tana goge daɓen asibitin nan, ba wanda ya taɓa tambayarta ko bayanta na ciwo, sai da aka tashi gina sabon sashe na waɗanda magani ya sallama. Likitoci ba haka suke kiransa ba, su dai wai sashen sauƙaƙa raɗaɗi. Amma kowa ya sani, wanda aka gangara da shi can ba da ƙafarsa zai fito ba.

Injiniyan da ya zana ginin mutum ne mai fara'a, ga turare, ga takalmi mai ƙwas-ƙwas. Ya rantse ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya ji ta bakin kowa. Aka kira likitoci ran Litinin, nas-nas ran Talata, masu girki da masu shara kuwa aka haɗa su ran Laraba aka raba musu ruwan roba. Ya baje farar takarda a tebur yana musu kwatance. Ɗakuna goma sha biyu a jere, kowanne da ƙofa biyu: ɗaya ta cikin gini, ɗaya mai faɗi ta gilashi da ke buɗewa cikin lambu, don a riƙa tura marar lafiya waje ya sha iska.

Ya dubi Auta ya ce, "Inna, ke fa? Me ya fi damunki a aikinki?"

Aikinta ya tambaya, ita ma aikinta ta amsa. Ta ce, "Ruwan sama, ɗana. A tsohon sashe da an yi yayyafi sai ya bi ƙarƙashin ƙofa ya malale ɗaki. Ni ce tsane, ni ce matse, har wata nas ta taɓa zamewa ta karya hannu aka ce laifina. In ka tashi yin ƙofar lambun nan, ka yi mata doki mai tsayi."

Injiniya ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce yau bai ji shawara mai ma'ana kamar wannan ba. Har tafi aka yi mata. Da aka gama gini, kowace ƙofar lambu ga dokinta na siminti, tsayin tafin hannu, an shafe shi da farin fenti.

Daga nan fa unguwa ta shiga uku. Mai kanti ya ji, mai ɗinki ta ji, har kurman da ke faci a bakin titi sai da aka kwatanta masa da hannu. Wadda ta fi kowa shan labarin ita ce yayar Auta, ciki ɗaya, wadda ta goya ta tun rasuwar uwarsu. Yaya wankau take yi, shekara arba'in tana tsakanin baho da igiyar shanya, fatarta ta ƙone kamar gindin tukunya. Duk sanda Auta ta ɗauko zancen sai ta taɓe baki ta ce, "To Injiniya, mun ji. Miƙo min sabulu."

Wata biyar da buɗe sashen, aka kwantar da Yaya a ɗaki na shida. Ciwon daji ne, ya bar nono ya shige ƙashi. Likita ya ja Auta gefe ya ce ƙashin bayanta ya zama kamar busasshen kara, kada a ɗaga ta, kada a zaunar da ita, ko juya ta za a yi sai mutum uku da zanen gado.

Ɗakin kam ba laifi. Bango ruwan ƙwai, labule mai furanni, kujerar mai jinya da ke miƙewa ta zama gado. Yaya ta ƙare masa kallo ta ce, "Ashe sai mutum zai mutu ake ba shi ɗakin amarya."

"Yaya, ki bar faɗin haka."

"To me zan faɗa? Ke, kashe min sanyin nan, ni ba kifi ba ce. Fitar da ni waje rana ta dake ni. Wata biyu rabona da ita."

Abin da ta roƙa ke nan, ba ta ƙara komai ba. Ba ta nemi 'ya'yanta maza da ke turo gaisuwa ta waya ba, ba ta nemi abinci ba. Rana take so a fuskarta.

Auta ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta jingine sandar goge-gogenta, ta buɗe ƙofar gilashi, ta saki birkin gado ta tura. Tayoyin gaba suka je suka daki farin simintin, gado ya girgiza, Yaya ta saki wata ƙara da ta fito da nas biyu a guje.

Da allurar da aka yi wa Yaya ta kama ta, numfashi ya dawo, sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Shi ne wannan?"

Ta nuna bakin ƙofa da ido.

"Shi ne dokin naki da aka yi wa tafi? Kai, sannu da aiki, Injiniya."

Washegari Auta ta kawo surukinta, mijin 'yarta, magini ne. Ya auna, ya yanko katako biyu ya jingina ciki da waje kamar gada. Da shi da nas biyu da Auta suka tura a hankali, kamar masu ɗauke da ƙwai. Tayoyin gaba suka hau, suka sauka, har Auta ta fara hamdala. Sai gado ya tsaya cak. Ashe gadon na lantarki ne, akwai akwatin inji a ƙarƙashin cikinsa, shi ya zauna daram a kan dokin. Ba gaba, ba baya. Kafin a ja shi ya dawo, Yaya ta ciji leɓenta har jini.

Shugabar nas-nas ta zo ta ce kada ta ƙara ganin katako a sashenta. Magini ya ce, "Ranki ya daɗe, aikin awa ɗaya ne, in fasa in shafe." Ta ce ginin bai cika shekara ba, yana hannun 'yan kwangila, ko ƙusa ba a bugawa sai da takarda. A rubuta, kwamiti zai zauna ƙarshen wata.

Yaya ta ce daga kan gado, "Ku gaya wa kwamiti ni ba zan samu halarta ba."

Ran Alhamis sai ga Injiniya da baƙi shida masu ɗaukar hoto, yana nuna musu yadda haske ke shigowa. Auta ta tare shi a bakin ɗaki na shida da guga a hannu. Ya gane ta, ya washe baki ya ce wa baƙin ga Innar da yake ba su labari.

Ta ce, "Ɗana, gado ba ya fita."

Ya leƙa, ya dubi dokin, ya dubi tayoyin. Fara'ar ta ragu kaɗan. Ya ce ai lissafinsa keken marasa lafiya ne, a ɗan ɗaga gabansa ya haye.

"Ka taɓa ganin wanda ya zo nan yana iya zama?"

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, ai ke kika nema."

"Ni na nema. Ni mai shara ce, na faɗi ta shara. Kai da ka yi karatun fa?"

Ya ce gaskiya ne, darasi ne babba, a gini na gaba kwata za a yi a rufe da raga, ƙasa ta zama shafe ɗaya. Ya ciro littafinsa ya rubuta, ya bi baƙinsa.

Ran Asabar da hantsi, manya ba sa nan, Auta ta shigo da gudumar surukinta a cikin guga, ta rufa mata tsumma. Ta durƙusa a bakin ƙofa. In korarta za a yi, a kora. Bugu na farko fenti ya tashi. Na biyu gefe ya ɓare, sai ga rodi a ciki, an yi aikin tsakani da Allah. Na uku ta ji ana kiranta da wata murya da ba ta sani ba.

"Auta. Don girman Allah bari. Kowane bugu a bayana yake sauka."

Ta ajiye gudumar. Ta zauna a ƙasa tana kuka, irin kukan da rabonta da shi tun tana 'yar goye.

"Share hancinki, ƙazama. Juya min gadon, ki kai ƙafafuna bakin ƙofa."

Ta juya shi, ta matsar har tayoyi suka taɓa dokin. Rumfar da aka yi wa ƙofar ta tare sama, amma wajen ƙarfe goma rana kan zuro ta kai tsawon kamu biyu. Ta sauka a kan yatsun Yaya, ta hau idon sawu, ta tsaya nan. Yaya ta motsa yatsun ta ce, "Yau da an yi shanya da ta bushe kafin azahar." Bayan rabin awa inuwa ta dawo.

Kwana uku suka yi haka. Ran na huɗu da safe, tun ranar ba ta kai bakin ƙofa ba, Yaya ta cika.

Maza biyu suka zo da siririn gadon ɗaukar gawa. Tsarin ginin ya hana a bi da mamaci ta cikin sashe, kada na sauran ɗakuna su gani su karaya, don haka ta lambu ake fita. Suka lulluɓe ta da farin ƙyalle, suka kama gadon gaba da baya, suka ɗaga shi sama da dokin kamar ba komai, suka dire a kan hanyar lambu. Rana ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Auta ta biyo su ba takalmi. Ta kama ƙarfen gadon ta ce, "Ku tsaya kaɗan in buɗe mata fuska."

Babban cikinsu ya dubi jerin ƙofofin gilashi, inda kawuna biyu uku suka juyo a kan matashi. Ya ce, "Yi haƙuri, Inna, ba a tsayawa a nan. Ana kallonmu."

Ya zare hannunta daga ƙarfen, suka tura.