Tambaya Kafin Hoton Haƙori

Tun a ɗakin jira Torunn ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki mujalla ta ajiye, ta leƙa taga ta hango jirgin ruwan safe yana barin tsibirin, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa. Haƙorinta na matauni, na hagu, yana zogi, amma ba shi ne ya hana ta sukuni ba.

Cikinta bai kai wata uku ba, kuma a nan ba a faɗa sai ya wuce haka. Bara ta yi gaggawar faɗa, ya zube, ta daɗe tana shan kallon tausayi a kantin kifi. Ga shi asibitin haƙori ɗaya ne a tsibirin, mai taimaka wa likitan kuwa Oddny ce, yayar mijinta, wadda magana ba ta kwana a bakinta.

"Shigo mana, amaryarmu," in ji Oddny tana sa safar hannu. "Kin ga amfanin shan alewa a ɓoye ko?"

"Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna."

Likita Halvard ya duba, ya ƙwanƙwasa haƙorin, ta zabura. Ya ce sai an ɗauki hoto ya ga saiwar. Yana jawo na'urar ya jefo tambayar da yake yi wa kowace mace, ko ɗagowa bai yi ba.

"Babu juna biyu dai ko?"

Torunn ta dubi silin, ta dubi Oddny.

"Babu."

Oddny ta sa mata ɗan farantin hoton a baki, ta ce ta cije. Su biyun suka nufi ƙofa, kamar yadda suke fita kullum kafin a danna na'urar. Torunn ta tuna da abin da ke cikinta. Ta fizge farantin.

"Ku tsaya! Akwai."

Likita ya dawo ya zauna kusa da ita.

"Gara da kika faɗa. Hasken na'urar kaɗan ne ƙwarai, kuma a muƙamuƙi zai tsaya, ba zai kai ga cikin ba. Barin ruɓa a saiwa ya fi shi haɗari. Hoto ɗaya zan ɗauka, maganin da zan rubuta miki kuma yanzu ya canza."

Aka ɗauki hoton aka gama. Oddny ta cire safar ta jefa a kwandon shara, ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa. Sannan ta zo ta riƙe na Torunn.

"Yaya, ko Mama kada..." in ji Torunn, tana nufin uwar mijinta.

"Ke, rufe min baki. Abin da na ji a ɗakin nan, nan yake kwana, ko don aikina. Ran Lahadi a gidan Mama zan cika miki kofin gahawa kamar kullum, kada ta ga kin daina sha ta gane. Ki bar shi ya huce, idan Mama ta juya ni zan shanye."