Shirun Mushe Natanayel

"Ba za ka shiga ba, Baba Ɗahiru."

Hannatu ce ta tare ƙofar gidan ubanta, hannu ɗaya a kan ƙyaure, ɗaya riƙe da kwanon kunu. Ɗahiru ya dube ta daga ɗankwali har silifa.

"Ni za ki hana? Ranar da aka haife ki, wa ya goyo ungozoma a baya, da gudu, cikin ruwan sama? Tambayi duk unguwar Saga!"

"Na ji wannan sau ɗari. Likita ya ce hayaniya na tada mishi tansiyo, hawan jinin nan nasa. Kai kuwa hayaniya ce mai ƙafafu."

Ku da ba ku san Ɗahiru ba, bari ku ji. Tsararmu ne, irin mu da ba mu taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma yunwa uku ta zo ta same mu, ta wuce ta bar mu tsaye. Shekara talatin yana dakon itace a kasuwar Katako. Falanki huɗu yake azawa a ka lokacin da samarin yanzu ke nishi da biyu, kuma in kun manta zai tuna muku. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya shi ne uban Hannatu, Mushe Natanayel (Mushe muke ce wa malamin lakwal), mutumin Dogonduci, Kirista, wanda ya koyar da rabin 'ya'yan unguwa kafin ya ajiye alli. Sati biyu ke nan da tansiyo ta buge Mushe, ta shanye mishi ɓarin dama, ta ɗauke maganarsa gaba ɗaya. Asibiti suka ce a kai shi gida.

Daga cikin gida aka ji wani gurnani siriri. Hannatu ta waiwaya. Ubanta na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya ɗaga hannun hagu, yana yafito.

Ta ciji leɓe. "Shi ya ce ka shiga, ba ni ba. Amma da sharaɗi. Ko sannu ban yarda ka ce ba. Ka buɗe baki, ka fita."

"Shiru kawai? Ni da na yi kwana biyu a ramin rijiya ba wanda ya ji muryata?"

"To, ka koma rijiyar."

Ya shiga ya zauna a gefen tabarma. Mushe ya rame har wuyansa ya zama kamar na tulu. Bakinsa ya karkace, amma idon nan nasa na nan yadda yake, a kwance, ba gaggawa. Ya dubi Ɗahiru sau ɗaya, ya mai da ido kan tsagar rumfa inda rana ke ɗigowa.

Wallahi ɗaukar falanki huɗu ya fi wannan zaman sauƙi. Magana ta riƙa taruwa a bakin Ɗahiru kamar miyau, yana haɗiyewa. Ya gyara hula. Ya sosa ƙafa. Ya so ya ce wa Mushe shinkafa ta yi kyau bana, ya so ya ba shi labarin ɓarawon babur da aka kama a Gaweye. Fiye da duka, harshensa na ƙaiƙayin labarin ruwa.

Kowa a Saga ya haddace labarin ruwa. Shekara biyar da suka wuce gulbi ya fasa dig, tudun ƙasar nan da ke tare shi daga gidaje, ya shigo unguwa da hantsi. Madam Esta, matar Mushe, ƙafafunta sun daɗe ba sa ɗaukarta, kuma ita kaɗai ce a gida. Katanga ta faɗa mata. Ɗahiru yakan ce ya yi ta kira ta saman katanga ba a amsa ba, ya ɗauka an riga an fid da ita. Da ya ji ba a fid da ita ba, sau uku yana komawa cikin ruwa iya wuya. Sai ya ɗage wando ya nuna tabon da ke ƙwaurinsa. A fada, inda maza ke shan shayi, ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga, sau da yawa Mushe na zaune a wurin, hannuwa a kan gwiwa, bai taɓa cewa uffan ba.

Da azahar ya koma gida kansa na sarawa. Matarsa Hamsatu na tankaɗe.

"An ce ka yi rabin yini ba ka yi magana ba. Mu kira liman ko mu kira likita?"

"Ke dai ba ni ruwa."

"Kai da ko barci kake bakinka na zuwa kasuwa!"

Washegari ya tarar da Hannatu a bakin famfo tana wanke zanen gadon ubanta. Ya tsaya, don a waje ba a hana shi magana ba.

"Ɗiyata, mi na yi miki ne? Tun rasuwar mamanki gaisuwarki ta gajarce. Ni da na kusa ba da raina a kanta."

Ta ci gaba da cuɗa zanen. Sai da ta matse shi ta aza a bokiti, sannan ta miƙe.

"Ranar ruwan nan ni da Baba muna famasi a gari, muna sayo mata magani. Ta kira shi a salula. Ina jingine da kafaɗarsa, na ji da kunnena. Ta ce, 'Kada ka yi gudu ka faɗi. Malam Ɗahiru ya ce in zauna nan, yana dawowa da kurarsa ta turawa.'"

Famfo na zuba a ƙasa, ba wanda ya rufe.

"Ranar da na fara jin kana cewa ba ta amsa ba, na ɗauki gyale zan zo fada in tona ka gaban kowa. Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce in bar ka, kai ma ruwan bai sake ka ba." Ta ɗauki bokitin. "Ni dai ban bar ka ba. Shiga, yana jira."

Ɗahiru bai shiga ba. Ƙafafunsa suka kai shi kan dig, ya zauna yana fuskantar gonakin shinkafa.

Ga yadda abin ya faru, tunda shi bai taɓa faɗa ba. Da ruwa ya shigo, ya loda wa kurarsa buhun hatsi biyu da awaki uku. Esta ta kira shi ta saman katanga, "Malam Ɗahiru, ƙafafuna! Ka zo da kura!" Ya ce, "Zauna nan, in sauke waɗannan in dawo." Ya tura har gudron, titin kwalta, ya sauke. Da ya waiwaya, ruwan ya kai ƙirji, ja wur, yana tafe da ƙyauren wani gida da tunkiya a kife. Mutumin da bai ji tsoron yunwa ba, bai ji tsoron rijiya ba, ranar tsoro ya kama shi. Ya tsaya rungume da akuya har aka ji rugujewar katanga. Tabon ƙwaurinsa kuwa, ƙarfen kurarsa ne ya yanke shi.

A wannan wurin, a kan dig, Mushe ya riƙa zama kowace safiya tun bayan jana'izar. Ba littafi, ba rediyo, ba addu'ar da ake ji. Wata rana Ɗahiru ya taɓa samunsa a nan ya ce, "Mushe, mi kake yi?"

"Ina zaune."

"Na ga kana zaune. Tunanin mi kake?"

"Tunanin ne nake jira ya gaji ya kwanta. Yakan kwanta. In ya kwanta, ba na jin haushin kowa." Ya buga ƙasa kusa da shi. "Zo ka gwada."

Ɗahiru ya yi dariya a ranar, ya ce zaman banza na masu fansho ne, ya wuce. Yau ya gane wane ne kowa ɗin.

Mu dai mun tashi mun tarar, maƙwabci ba ya barin maƙwabci ya tafi sai ya durƙusa ya ce a yafe mishi, ya kuma ji da kunnensa an ce an yafe. Ko Musulmi ko Kirista, haka ake yi. To, wanda zai ce na yafe ba shi da baki, shi kuma mai roƙo an ɗaure mishi nasa.

Rana ta uku ya zo da sassafe. Hannatu ta buɗe ba ta dube shi ba. Idonta ya kumbura.

"Ya ƙi kunu tun jiya," ta ce. "Na kira fasto, sai da hantsi zai iso. Zan dama wani, ko zai karɓa."

Ta shiga madafa. Ɗahiru ya durƙusa a gefen tabarma. Numfashin Mushe ya canza, yana ja da tsawo, ya tsaya, ya sake ja. Ido a buɗe.

Ɗahiru ya dubi ƙofar madafa. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa matashi. Muryar da ke tada kasuwar Katako ta fito kamar ta mai mura.

"Mushe. Na ji ta. Ta kira ni, na amsa. Na kai gudron, tsoro ya kama ni. Ban koma ba ko sau ɗaya. Awaki na ɗauka. Don girman Allah ka yafe mini."

Mushe na dubansa.

"In ka yafe, ɗaga mini yatsa. Ko ka kifta ido. Komi ƙanƙanta, ni zan gane."

Yatsa bai ɗagu ba. Idon ya daɗe a kansa, sannan ya rufe a hankali, bai kuma buɗe ba. Kiftawa ce, ko gajiya? Ɗahiru ya buɗe baki zai sake tambaya. Sai hannun hagun nan ya taso daga kan zane, ya jawo kansa a kan tabarma da ƙyar, ya lalubo hannun Ɗahiru, ya ja shi ƙasa. Ba ƙarfi a ciki, amma ja ne. Ɗahiru ya sauka daga durƙuso, ya zauna sosai, ya miƙe ƙafa.

Suka zauna.

Da farko Ɗahiru ya yi ta saƙe-saƙe. Ya ce a ransa ko Mushe bai ji ba ne, ya ce ko ya ji ya ƙi, ya ce da ya zo bara lokacin da bakin ke aiki, ya ce ina ma ruwan ya ci shi shi ma. Tunani ya yi ta zagaye kamar jaki a turke. Hannun Mushe na nan a kan nasa, busasshe, da ɗumi kaɗan. Can sai ya ji injin ban ruwa yana bugawa daga gonakin shinkafa. Shekara nawa yana unguwar nan bai san ana jinsa daga nan ba. Ya ji kurciya a kan katanga. Ya ji muciya na taɓa gindin tukunya a madafa, da Hannatu tana jan hanci. Wani ya wuce a waje yana cewa fofo, gaisuwar unguwarmu, aka amsa mishi. Ba tare da ya yi niyya ba, numfashinsa ya bi na Mushe: in ya ja, ya ja, in ya tsaya, ya jira. Hawaye na bin gemunsa suna sauka a kan rigarsa, bai share ba, don hannun sharewar yana riƙe. Jakin nan ya gaji da zagaye, ya kwanta. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zama a wuri irin wannan ba, inda ba abin da zai ce kuma ba wanda ke jiran ya ce.

Mushe ya ja numfashi, ya sake. Ɗahiru ya jira na gaba.

Ya jira.

Kurciyar ta tashi. Injin ban ruwa ya ci gaba da bugawa.

"Baba Ɗahiru," Hannatu ta kira daga madafa, a hankali, karo na farko cikin shekara biyar ba da kaifi ba. "Ya yi barci ne? In ya yi barci kada ka tashe shi, kunun na da zafi tukuna."

Duk mutuwar da aka yi a Saga, daga bakin Ɗahiru ake fara jinta. Ya buɗe bakin, ya dubi ƙofar madafa, inda yarinyar ke fifita kunu tana da uba tukuna. Ya rufe.

Rana ta ɗan ɗaga, inuwar rumfa ta janye, haske ya fara hawa fuskar Mushe. Ɗahiru ya matsa da gindi a kan tabarma, bai saki hannun ba, ya karkata kafaɗarsa har inuwarsa ta rufe fuskar.