Titin Da Ya Fi Ƙofarmu Tsayi

Ranar da motocin hukumar birni suka fara juye jar ƙasa a layinmu, har da ni a masu tafi. Kar ma wani ya ce ina ƙin ci gaba. Duk wanda ya taɓa ratsa caɓin layin nan da damina, da ɗinkin mutane a kansa, ba zai ƙi kwalta ba. An ce za a yi mana titi, a gina magudanar ruwa, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana, a shuka itatuwa, har da gefen masu tafiya a ƙasa. Muka ce madalla, Allah ya saka da alheri.

Baba ya fi kowa murna. Direban bas ne a da, a kan sitiyari ya tsufa, babu lungun da bai sani ba a garin nan. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ni nake jinyarsa, don mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, Yaya kuma kullum yana kan hanya da babbar mota. Abu ɗaya ya rage wa Baba a duniya. Da la'asar in ɗora shi a keken guragu, in tura shi bakin shagon Mai Agogo, amininsa tun na ƙuruciya. Can tsofaffin layin suke zama a benci, su yi musun da ba ya ƙarewa, su gyara duniya da baki, su tsokani duk wanda ya gifta. Maganar Baba ba ta fita sosai, amma a wurin nan ake jin dariyarsa. Ranar da bai je ba, ko abinci sai na yi da gaske yake ci.

"Uwata," ya ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci, "in an gama kwaltar nan kin huta da turi. Ni zan ja abina."

"To, direba," na ce, "Allah dai ya sa ba za ka bi ta kan mutane ba."

Aka juye ƙasa, aka danne, aka sake juyewa. Ina zaune a kan keken ɗinkina ina kallo ta taga, titi yana ta tashi kamar ƙullin da ya kwana. Ya kai dokin ƙofa, ya wuce. Ya kai gwiwa. Da na ga ya doshi ƙugu, na yafa mayafi na je na tare shugaban leburorin.

"Malam, anya tudun nan ba zai binne mu ba?"

"Haka zane ya ce, baiwar Allah. Dole titi ya fi ruwa tsayi."

"Mu kuma fa?"

Kafin in rufe baki ya juya yana yi wa mai motar danne ƙasa tsawa.

Duk watannin da aka yi ana aikin, Baba yana ɗaki, bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake aiki mai kyau sai da haƙuri. Da aka gama kuwa, ba ƙarya, titi ya yi kyau, sai sheƙi yake. Manya suka zo suka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, aka watse. Sai murna ta koma ciki. Ka buɗe ƙofarmu, abin da za ka fara gani bangon siminti ne, tsakaninsa da ƙofar bai wuce taku biyu ba. Bangon magudana ke nan. A bayansa ga bakin magudanar a buɗe, mai faɗi da zurfi, sannan titi can sama. Gidanmu ya koma kamar an ajiye shi a cikin kwano.

Mu masu ƙafa muka sa bulo muna takawa, muka gitta katako a kan ramin. Keken Baba kuwa ko a mafarki ba zai hau wurin nan ba.

Da Yaya ya dawo daga tafiya ya ga abin, ya dafe kai. Shi ba mai dogon magana ba ne. Washegari ya kawo magini, aka zuba siminti a kan bakin magudanar, aka yi ɗan gangare zuwa ƙofa. Gangaren ya yi tsaye da yawa, amma maginin ya ce in mutum biyu suka kama, keke zai hau. Muna jiran simintin ya bushe, Baba har ya sa na goge masa farar rigarsa, sai ga masu duba titi da guduma.

"Wa ya ba ku izinin rufe magudana?"

"Izini? A ƙofar gidan ubana?"

"Ƙofar taku ce, magudanar ta hukuma ce. In kowa ya rufe gabansa, ta ina za a yashe ta?"

Na yi masifa har muryata ta dishe. Na ce su shigo su ga tsohon da suke fasa wa hanya. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa, ya gaida Baba da ladabi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fito ya ɗauki gudumarsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min daɗi.

Daga nan na shiga yawon ofis. Ofishin tituna suka ce nasu kwalta ne, magudana ta ofishin muhalli ce. Ofishin muhalli suka ce su yasa kawai suke yi, gini na masu tsara birni ne. Masu tsara birni suka ce aikin bai dawo hannunsu ba tukuna, yana hannun ɗan kwangila, ɗan kwangila kuma ya tattara ya koma wani layin. Kowa da fara'arsa, kowa da kujerar da zai nuna min in zauna. Ɗinkin mutane ya taru a gida, masu kaya suna ta min sintiri. Wata rana a kan matakalar wani ofis na zauna na cire takalmi na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

A ƙarshe aka haɗa ni da Injiniya, wata yarinya siririya mai gilashi, wadda aka ce tana cikin masu zanen. Na shiga da shirin in wanke ta tas, sai ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama. Ta juyo min da kwamfutarta, ta nuna min layinmu. Daga sama aka ɗauki hoton, rufin kwano ne kawai jere reras.

"Anti, kin ga, daga nan ba a ganin ƙofofi," ta ce a hankali. "Da ba mu ɗaga titin ba, ruwan unguwannin sama duk a kanku zai ƙare. Amma gaskiya ba a auna ƙofa ɗaya-ɗaya ba."

"To yanzu an gani. Sai a ba mu murfin magudana."

Ta murza biro. "Akwai murfin da aka amince da shi, mai ƙarfe, wanda ake ɗagawa in za a yi yasa. Sai dai an ware shi ne don mashigar mota. Kuna da mota a gidan?"

"Muna da keken guragu."

"Ba ya cikin abin da aka lissafa."

Dariya ta kuɓuce min, irin wadda ta fi kuka ciwo. Maƙwabcinmu Mai Kanti yana da wata tsohuwar mota da ta shekara ba ta tashi ba, kaji ne ke ƙwai a cikinta. An shimfiɗa masa murfi mai faɗi har bakin gareji. Baba kuwa, mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai mutanen garin nan wurin aiki yana dawo da su, shi ba shi da abin hawa.

Injiniya ba ta yi min gardama ba. Da yammar ranar ta biyo ni har gida da ƙafarta, ta sauko ta kan bulon nan tana dafa bango, ta durƙusa ta gaida Baba. Ta auna daga ƙofa zuwa bango, ta auna tsayi, ta tsaya tana cizon leɓe.

"Ko an ba ku murfin, gangaren da keke zai hau lafiya sai ya faro daga tsakiyar ɗakin nan. Ko kuma a cike gidan duka, ya daidaita da titi."

"In an cike, kanmu ya taɓa silin."

"Sai an ɗaga rufin."

"Wato mu rushe gidan mu sake."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce za ta rubuta, za ta kai gaba, akwai kashi na biyu na aikin, wataƙila a duba irin wannan. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ita ma ƙaramar ma'aikaciya ce. Na yarda da ita, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, na rasa wanda zan tsana.

Muka ce to, a ɗauke shi mana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ai layin da maza. Ranar da Yaya yake gari, ya kira mai waldan layinmu da Mai Kanti da wani ɗan haya, aka fara fitar da keken, sannan suka cicciɓi Baba. Baba mutum ne mai jiki, ɓarinsa ɗaya kuma ba ya taimakon kansa. Biyu a ƙasa suna miƙawa, biyu a sama suna ja, kowa yana ba da umarni. A tsakiyar katakon ƙafar mai walda ta zame. Ba su yar da shi ba, Allah ya kiyaye, amma garin riƙo wandonsa ya saɓule har gwiwa, ga ƙunzugun da nake sa masa a fili. A bakin titi, da rana tsaka, motoci suna wucewa, mata suna dawowa daga kasuwa.

Na cire mayafina na rufe shi. Babu wanda ya yi dariya, kowa ya kawar da kai. Amma na ga fuskar Baba. Aka kai shi bakin shagon, tsofaffi suka yi ta murna suna tsokanarsa wai ango ya fito, shi kuwa kansa a sunkuye. Da aka dawo da shi, na zo gyara masa shimfiɗa, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Kar a sake ɗaukata kamar buhu."

"Baba, tsautsayi ne. Gobe za a..."

"Uwata. Kar a sake."

Ba a sake ba.

Mai Agogo, Allah ya saka masa, da ya ga haka sai ya riƙa rufe shago da wuri yana zuwa. Shi ma gwiwoyinsa sun gama aiki, ba zai iya saukowa ta bulon ba. Sai ya kawo 'yar kujerarsa ya zauna can sama a bakin magudana, ni kuma in turo Baba bakin ƙofa. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, rami a tsakani. Da titin ya yi kyau, duk motocin da suke gudun cunkoson babbar hanya nan suka dawo. Mai Agogo ya ƙwala magana, Baba ya ji rabi. Baba ya amsa da muryar nan tasa da ba ta fita, iska ta kwashe.

"Me ya ce?" Mai Agogo ya tambaye ni.

"Ya ce har yanzu ba ka iya musu ba."

"Ce masa shi ne bai iya tuƙi ba!"

Na zama tafinta tsakanin mutum biyu da suka san juna tun kafin a haife ni. Zolaya kuwa in ta bi ta bakin wani, ta huce kafin ta isa. Ana haka masu duba titi suka ce kujerar tana tare gefen masu tafiya a ƙasa. Ya koma zuwa a tsaye, ya dogara sanda, ya ɗaga hannu, ya ɗan jima, ya tafi. Daga kullum ya koma jefi-jefi. Ban ga laifinsa ba, tsoho ne.

Na koma wurin Injiniya, aka ce an mayar da ita wani sashe. Wanda ya gaje ta ya ce in bari a fara kashi na biyu. Yaya ya kawo shawarar mu sayar da gidan, dillali ya zo ya tsaya daga sama ya leƙo, ya ce wa zai sayi rijiya. Baba ma da ya ji ya ce a ɗakin nan matarsa ta cika, ba inda za shi.

Jiya da la'asar na gama goge masa jiki, na jawo keken kusa da gado kamar yadda na saba, don in kai shi bakin ƙofa ya sha iska. Ya daɗe yana kallon keken.

"Matar mai walda ta ce ƙanenta ya faɗo daga gini, ko?"

"E, Baba. Ƙafafun sun tafi."

"Gidansu a ina yake?"

"Can bayan kasuwa, inda aikin bai kai ba."

"Ƙofarsu daidai take da ƙasa?"

Na gane inda ya dosa. "Baba, don Allah. An ce akwai kashi na biyu."

"Kai masa. Keke na mai hanya ne."

Na roƙe shi, na yi fushi, na ce ba zan kai ba, in ya so ya tashi ya kai da kansa. Maganar ta fita kafin in kama ta. Ya juyar da fuskarsa bango. Na tsaya a tsakiyar ɗakin kamar wadda aka dasa, ina jin ƙarar motoci a saman kanmu.

Na naɗe keken, na fitar da shi ƙofa. Na taka bulo, na ɗaga shi sama, na tsallake katakon da shi ni kaɗai, ban nemi taimakon kowa ba. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan.